Wai Filin Ba Na Kowa Ba Ne

Daren Asabar ne, 16 ga Maris 2024, azumi na da kwana shida. Da aka idar da asham na biya gida na ɗauki rigar sanyi, don daren Jos ba abin yarda ba ne ko a watan Maris, sannan na gangara shagon abokina mai gyaran waya a bayan Taminus. Mu huɗu ne muke haɗuwa a nan duk shekara idan watan Maris ya kama: ni, da mai shagon, da wani tela maƙwabcinsa, da ƙanen matata wanda a lokacin yake aji biyu a jami'a. Gidajen kallon ƙwallo na garin nan ba su san da zamanmu ba. Je ka ce a sauya maka tasha daga wasan Arsenal zuwa ƙwallon kwandon ɗaliban jami'o'in Amurka, ka ga irin kallon da za a yi maka. Don haka mu muke haɗa kuɗin data da na man janareto, mu jingina kwamfuta da kwalin caja, mu jeru a benci.

Kowannenmu da yadda ya samu ƙungiyarsa, kuma babu wanda ya samo ta ta hanyar hankali. Mai shago ɗan Syracuse ne saboda wata riga mai ruwan lemo da ya tsinta a gwanjon Katako yana ɗan sakandare. Ya yi shekara biyu yana sa ta kafin ya san cewa sunan jami'a ne a jiki. Tela kuma duk wadda ta ci ita ce tasa. Ni tawa Houston ce, kuma dalilina ya fi nasu nauyi kaɗan: Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, can ya yi wasa, ya kai su wasan ƙarshe na ƙasa a 1983 da 1984. Kawuna da ya fara ɗora mini ƙwallo a hannu ba ya gajiya da ba mu labarin yadda mutumin nan yake shiga fili da azumi a bakinsa.

Ga wanda bai saba ba, abin haka yake tafiya. Jami'o'in sun kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni da sunansa: ACC, Big 12, Big East, SEC da sauransu. Daga farkon shekara zuwa farkon Maris 'yan rukuni ɗaya suna karawa da juna, yau a gidanka, gobe a gidana. Idan an gama, sai a tattara su a yi gasar sili-ɗaya-ƙwale ta 'yan kwanaki, wadda ta ɗauki kofin kuma ta samu gurbi kai tsaye a babbar gasar ƙasa ta NCAA mai jami'o'i 68 a lokacin, wadda su da kansu suke kira haukan Maris. Manyan jami'o'i ko sun faɗi a gasar rukuni kwamiti zai iya gayyatarsu. Ƙanana kuwa ƙofa ɗaya ce tak, idan ta rufe sai baɗi. To a wane gari za a yi wannan gasa ta rukuni? A nan ake yin ta, kuma a nan muka yi tamu a wannan dare.

Ƙarfe goma sha ɗaya aka fara wasan ƙarshe na Big 12, Houston da Iowa State, a birnin Kansas. Shekarar Houston ta farko ke nan a rukunin, kuma ita ta zo ta ɗaya a kakar, ita ce kuma ake lissafawa ta ɗaya a duk ƙasar. Sun haɗu sau biyu kafin nan, Iowa State ta ci a gidanta, Houston ta ci a nata. Wannan na uku shi ne raba gardama, a filin da aka ce ba na kowa ba ne. Kyamara na zagaya 'yan kallo, ƙanen matata ya ce, "Yaya, anya ba a gidansu ake wasan nan ba?" Ja da ruwan ɗorawa ne tun daga ƙasa har rufi. Daga garin Ames inda jami'ar take zuwa birnin Kansas tafiyar awa uku da 'yan kai ce a mota, kuma magoya bayansu sun daɗe da mayar da zuwan al'ada, har sun laƙaba wa zauren suna Hilton ta Kudu, da yake sunan zaurensu na gida Hilton. Ɗan Houston kuwa sai ya ci kilomita sama da 1,000.

An tashi 69 da 41. Ban taɓa ganin ƙungiyata ta rasa hanyar kwando irin na ranar ba.

Nan na fara. Na ce wannan zalunci ne da aka sa wa riga, na ce an yi wata biyu ana gumi don a san gwani, an san shi, sannan an ɗauke shi an kai shi bakin ƙofar abokin hamayyarsa an ce a sake lale. Mai shago bai ɗago daga wayar da yake kwancewa ba ya ce, "Malam, ihu ba ya jefa ƙwallo. Maki 28 fa. Ko a tsakar gidanku aka yi, da kaka tana kallo, sai an ci ku." Gaskiya ya faɗa, na kuma sani tun a lokacin, shi ya sa ta yi mini zafi. Da shekara ta zagayo Houston ta koma wannan zaure ta doke Arizona ta ɗauki kofin, bai bar ni na sha ruwa ba sai da ya tuna mini. Amma har yau ban janye maganata ba, gyara ta kawai na yi. Ban ce 'yan kallo ne suka ci wasan ba. Abin da ya tsaya mini shi ne sunan da ake kiran wurin da shi. Tun 2010 gasar Big 12 ba ta bar birnin Kansas ba, jami'ar Kansas kuma tana Lawrence, kilomita 65 kacal, kusan rabin Jos zuwa Bauchi. A ce mini an zaɓi garin ne don tikiti na ƙarewa, sai in ce to. Kada dai a ce mini ba na kowa ba ne.

Muna cikin haka saƙon murya ya shigo ta WhatsApp daga ɗan baffana da ke zaune a Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa. Ya girme ni da shekara tara, Yaya nake ce masa, kuma tun da ya tafi ya zama ɗan gari fiye da 'yan gari. Dariya ya fara yi mini tukuna, sannan ya shiga nasa ƙorafin, wanda kishiyar nawa ne. Shi baƙin cikinsa a shekarar shi ne an ɗauke gasar ACC an kai Washinton. A wurinsa gasar nan 'yar Greensboro ce, a nan aka kafa rukunin a 1953, kuma babu zauren da ya karɓi baƙuncinta sau da yawa kamar nasu. Ya ce idan makon ya zo har a wurin aikinsu sai ka ga kowa da rigar jami'arsa, masu abinci da masu otal da direbobi duk suna samu. Ya ce, "Ƙanena, gasa ba kayan haya ba ce da za a yi ta yawo da ita. Tana da gida."

Tana da gida kam, kuma gidan ne matsalar. Jami'o'i huɗu na jihar, Duke da North Carolina da NC State da Wake Forest, duk suna zagaye da Greensboro, mafi nisansu tafiyar awa ɗaya da rabi. Tsakanin Duke da North Carolina ma bai wuce Jos zuwa Bukuru ba. A da, da rukunin yake ƙarami, ba a cika damuwa ba. Amma an yi ta ɗebo jami'o'i saboda kuɗin talabijin, Syracuse ta shigo a 2013 daga arewacin jihar Niyok, a 2024 kuma aka kawo Stanford da California daga can ɗaya bakin tekun, nisan da ya haura kilomita 3,500. Uba ɗan California da yake son ganin ɗansa ya yi wasa sai ya hau jirgi ya kama otal, alhali ɗan Durham, garin da Duke take, zai ci abincin rana a gida, ya je ya yi ihunsa, ya dawo ya kwana a gadonsa.

Mai shago da Yaya sun daɗe suna wannan faɗa, ni ne ɗan aikensu. Tushensa 2017, shekarar da aka kai gasar Brooklyn a birnin Niyok. An fitar da Syracuse a wasanta na farko, sai kocinsu Jim Boeheim ya zauna gaban 'yan jarida ya ce yin gasar a Greensboro ba shi da wani amfani ko kaɗan, manyan birane ne suke da 'yan jarida da idon duniya. Hukumar birnin Greensboro ta mayar masa a Twitter cewa ba su yarda ba, amma dai a ko'ina mutum zai iya faɗuwa a wasan farko, ko ba komai hanyar gida ta yi masa kusa. Yaya yana da hoton wannan amsa a wayarsa har gobe. Abin da ya fi yi masa daɗi kuwa shi ne ƙarshen labarin. A Maris 2023 Wake Forest ta fitar da Syracuse da jifa mai maki uku a daƙiƙun ƙarshe, kuma a ranar aka sanar cewa Boeheim ya sauka bayan kaka 47 yana koci. A ina aka yi wasan? A Greensboro. Duk shekara sai Yaya ya ce in gaya wa mai rigar lemo cewa wanda ya raina gari a garin ya ajiye sanda. Mai shago kuma ya ce in tambaye shi ina ofishin ACC yake yanzu, da yake a 2023 ɗin aka kwashe shi daga Greensboro aka mayar Charlotte.

Na lura da abu ɗaya a duk wannan cacar baki, ko a bencinmu ko a can. Babu mai goyon bayan da yake neman adalci tsakani da Allah. Kowa so yake a kawo gasar kusa da shi, sannan ya nemo wa son ransa suna mai kyau. Na kusa ya kira shi tarihi, na nesa ya kira shi daidaito. Mai shagon da yake zagin Greensboro bai taɓa ganin laifin zauren Madison Square Garden na birnin Niyok ba, inda ake gasar Big East tun 1983, lokacin da Syracuse take can kuma magoya bayanta suke cika wurin. Ga St. John's ma a wannan zaure take buga wasu wasanninta na gida. Idan na faɗa masa haka sai ya kawo mini wasan 2009 da Syracuse ta doke Connecticut bayan ƙarin lokaci har sau shida, ya ce irin wannan dare ba ya faruwa sai a irin wannan wuri. Nan kam ba ni da ta cewa. Wuri ɗaya da aka shekara arba'in ana komawa yana tara wani abu da gasa mai yawo ba ta tarawa, ko mu da muke kallo ta kwamfuta mai tsagaggen gilashi muna ji a jikinmu.

Ni inda na tsaya shi ne, gida iri biyu ne. Akwai wanda ka samu da guminka, akwai wanda ka tsinta don kawai an ga garinku ya fi kawo kuɗi ko zaurenku ya fi girma. Misalin da ya fi ba ni haushi na rukunin Ivy ne, na su Harvard da Yale. Su ba su ma yin gasar sai a 2017, kafin nan wadda ta zo ta ɗaya ita ke wucewa, shi ke nan. Da suka fara sai suka kai ta Palestra, zauren jami'ar Penn. A shekarar Princeton ta ci wasanninta 14 duka, ba ta faɗi ko ɗaya ba, ladanta kuma shi ne ta kara da Penn, ta huɗu, a gidan Penn. Da ƙyar ta sha a ƙarin lokaci. A 2018 Harvard ce aka jera a sama, ta faɗi a hannun Penn a gidan Penn. A 2019 aka kai gasar Yale, Harvard ta sake zuwa a sama, ta faɗi a hannun Yale a gidan Yale. Jami'o'in da ake cewa sun fi kowa ilimi ke nan.

Ƙananan rukunai irin su America East sun fi burge ni. Su ba sa wahalar da kansu da neman babban birni. Duk wadda ta fi matsayi a kakar, a gidanta za a yi wasan, har na ƙarshe. Ka yi ƙoƙari a Janairu da Fabrairu, ka kwana a gadonka a Maris. Kuma hakan bai hana abin mamaki faruwa ba. A 2018 Vermont ce ta ɗaya, aka yi wasan ƙarshe a ɗan ƙaramin zaurenta cike da mutanenta, sai wani ɗan wasan UMBC, wata jami'a a jihar Maryland, mai suna Jairus Lyles ya jefa mai maki uku ana dab da tashi, 65 da 62, zaure ya yi tsit. Kwana shida bayan nan UMBC ɗin ta lallasa Virginia 74 da 54 a babbar gasar ƙasa, karo na farko a gasar maza da wadda aka jera ta 16 ta kayar da ta ɗaya. Ɗan Vermont zai yi kuka, amma ba zai ce an cuce shi ba, wanda ya ci kuma babu mai cewa an ba shi. Tela ne ya kawo suka a nan, kuma sukarsa ta ma'ana ce. Ya ce idan ba a san garin ba sai saura kwana uku, ta yaya talaka zai shirya tafiya? Ina bikin, ina haɗuwar 'yan jami'o'i goma a titi ɗaya? Gaskiyarsa, an rasa wannan. Na dai zaɓi a rasa biki da a rasa ladan wahala.

Kada kuma in cika baki da ƙarfin gida. Rukunin Mountain West ya daɗe yana gasarsa a Las Vegas, a zauren jami'ar UNLV, sauran suna ta gunaguni, amma daga kofin 2008 har zuwa 2025 UNLV ba ta sake ɗauka ba. A wannan rukuni akwai Wyoming, wadda zaurenta yake a tudun da ya kai mita 2,200, inda baƙi suke haki tun kafin hutun rabin lokaci. Duk ranar da na ga wasansu sai in tuna yaran da suke zuwa mana daga garuruwan zafi. Jos wajen mita 1,200 ce kawai, amma ka sa su wasan safe a watan Disamba ka ga yadda yatsu suke ƙin kama ƙwallo.

Mu a nan kalmar gida tana da wani nauyi daban. Kano Pillars ta ƙwallon ƙafa ta yi shekara 12 ba a ci ta a Kano a gasar lig ba, sai a 2015 da Nasarawa United ta karya abin. Wani ɓangare ƙwarewa ce da taron jama'a, ba musu. Amma duk wanda ya taɓa zama a filayenmu, kowane gari ne, ya san akwai ranar da rafali yake duban katanga da ƙofar fita kafin ya busa usur, ya kuma san baƙin sun kwana a hanya cikin bas. Shi ya sa idan na ji Ba'amurke yana kukan an cuce shi don 'yan kallon wancan ɓangaren sun fi yawa, sai dariya ta kama ni, sai kuma in tuna ni ma kukan da na yi ke nan a kan benci.

Ba mu tashi ba a daren, don ƙarfe ɗaya da rabi aka sa wasan ƙarshe na ACC. NC State, wadda ta zo ta goma a rukunin, ta ci wasa huɗu a kwana huɗu, ga ta a na biyar da North Carolina. Ina da tsohuwar ƙullalliya da su, su ne suka hana Hakeem kofi a 1983, 54 da 52, da ƙwallon daƙiƙar ƙarshe. Amma a cikinsu akwai Mohamed Diarra, dogon yaro daga Faransa, wanda yake azumi kamar mu yana kuma kwasar ƙwallo a ƙarƙashin kwando kamar ba ya jin komai. Ban san lokacin da na koma bayansu ba. Suka ci 84 da 76, kofinsu na farko tun 1987, a Washinton, nesa da Greensboro da Yaya yake cewa in ba can ba gasa ba ta yin albarka. Na tura masa saƙo na ce, "Yaya, ashe a waje ma ana samu." Ya amso da cewa da a gida aka yi da shi ma yana ciki, yanzu ga shi a falo shi kaɗai yana ihu matarsa na cewa zai tashi yara. Muka kashe janareto muka nufi wurin mai shayi, aka soya mana ƙwai muka yi sahur a tsaye.

Abin da ya sa na tono wannan labari yau daban ne. Ina horar da yaran makarantar da nake koyarwa, kuma bana a 'yar gasar da muke yi tsakanin makarantu shida mu muka zo na ɗaya, wasa ɗaya kawai muka faɗi. Shekaranjiya aka kira taron malaman wasanni don a tsayar da inda za a yi na ƙarshe. Na je da hujjojina a rubuce, har da labarin Princeton. Na ce a ba wanda ya zo na ɗaya. Wani dattijo a cikinmu ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, filin naku siminti ne ko ƙasa?" Na ce siminti ne, sai dai ya fashe ta gefe ɗaya. Ya ce kwandon fa? Na ce ɗaya ya ɗan karkace. Ya tambayi inda iyaye za su zauna, da inda 'yan mata za su sauya kaya, da abin da za mu yi idan ruwan farko ya sauko. Makarantar da ta zo ta uku tana da zaure mai rufi da benci da fitila, kuma shugabanta ya ce zai ɗauki nauyin ruwan sha da rafali.

Aka kaɗa ƙuri'a, biyar da ɗaya. A takardar da aka miƙo mu sa hannu an rubuta cewa za a yi wasan a filin da kowa ya amince da shi, na karanta sau biyu na sa hannu. Jiya na gaya wa yaran, kyaftin ɗinsu ya ce, "Malam, to mu da wa zai yi mana ihu?" Na ce ya rubuto mini sunan duk wanda zai iya kawo ɗari biyar na mota. Zuwa tashi yau ya kawo mutum 23, kuma bas ɗin da na yi magana da direbanta 18 take ɗauka.